Fatsar Sada Ɗan Tani

A ƙasar Kusada babu kogin da ke kai shekara da ruwa. Ƙoramu ne, su cika su yi ta ruri da damina, kaka na wucewa su koma rairayi, sai mata su riƙa tono a cikinsu suna kwalfar ruwa da ƙoƙo. A irin wannan ƙasa aka haifi Sada, mutumin da Allah ya jarabta da son babban ruwa.

Ubansa manomi ne, ya rasu tun Sada bai gama iya riƙon galma ba. Ya bar matarsa Tani da 'ya'ya biyu maza, Sada da ƙanensa Jafaru, da gona guda a bayan gari. Tani ba ta sake aure ba. Da matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli ta rene su, shi ya sa duk garin ba a kiransu da sunan uba, sai dai a ce 'ya'yan Tani.

Da yaƙin basasa ya tashi, motar ɗaukar soja ta zo Kankiya ranar kasuwa. Jafaru, wanda dama jininsa a kan akaifa yake, ya je ya ba da sunansa bai shawarci kowa ba. Tani ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta kai ƙara wurin kawunnansa, duk a banza. Daga ƙarshe ta kira Sada ɗaki.

"Tun da ba ka iya hana shi," in ji ta, "to bi shi. Kai ne babba. Ka tahi da shi, ka maido mani shi."

Ya bi shi. Amma soja ba ya tambayar wa da ƙane. Suna gama horo aka raba su, kowa da rundunarsa. Ba a jima ba labari ya iske Sada cewa jirgin da ya ɗauko su Jafaru ya kife a tsakiyar kogin Kwara wajen ƙetarewa, ba a ga ko gawarsa ba. Shi kansa Sada bai daɗe ba ɓarɓashin ƙarfe ya farke mashi gwiwar hagu, aka kwaso shi zuwa wani asibitin soja a Lakwaja.

Likitan da ya yi mashi aiki Bayarabe ne, doguwar halitta, marar yawan magana, ya yi karatunsa a ƙasar Turai. Kullum bayan la'asar, in aiki ya lafa, sai a ga ya fito da wani dogon kube na fata ya nufi bakin kogi. Wata rana ya tsaya a kan gadon Sada, ya ce mashi da Hausarsa ta bariki ƙafar nan ba za ta warke a kwance ba, ya tashi ya ɗauko mashi kujera su tafi. Sada ya bi shi yana ɗingishi, yana zaton bindiga ce a cikin kuben.

Ashe fatsa ce, amma ba irin wadda ya sani ba ta kara da zaren saƙa. Sanda ce siririya mai gaɓa biyu, a zura ɗaya cikin ɗaya, ita ba gora ba, ita ba ƙarfe ba, tana lanƙwasa har kanta ya kusa taɓa gindinta ba ta karye ba. An jera mata zobba tun daga ƙasa har sama. Kusa da mariƙi akwai wani ɗan keke mai hannu, naɗe da zaren roba wanda in ya shiga ruwa ido ba ya ganinsa. Likita ya ja sandar baya, ya watsa ta gaba, keken ya yi wata ƙara mai daɗi, ƙugiya ta tashi ta je ta faɗa can inda ko mai jifa da majajjawa sai ya yi da gaske.

Tun Sada na riƙon kujera har ya koma riƙon sandar fatsa. Likita ya koya mashi cewa bakin kifi ake dubawa kafin a zaɓi ƙugiya, ƙarama don karfasa, mai kauri don tarwaɗa. Inda ruwa ke gudu a ƙara dalma don ta riƙe ƙasa, inda yake kwance a sa toshiyar kwalba ta yi ta yawo a sama. In babba ya kama, kada a yi kokawa da shi, a sassauta keke a bar shi ya gudu, in ya gaji a naɗo, in ya sake zabura a sake ba shi. Wanda kuwa bai kai tafin hannu ba, a cire mashi ƙugiya a hankali a mayar da shi ruwa.

Abin da Sada bai faɗa wa kowa ba a lokacin shi ne, a nan ne kaɗai kansa ke yin shiru. A kan gado, da ya rufe ido sai ƙarar bindiga, sai fuskar Jafaru, sai tunanin abin da zai ce wa uwarsu. Amma in ya ɗora yatsa a kan zare yana jiran motsi, sai duk wannan ya ja baya. Kogin da ya ci ƙanensa ne a gabansa, ya sani, amma ya kasa ƙinsa.

Akwai wani majinyaci da ke binsu, Bubayero, Bafulatanin gabas, harsashi ya karya mashi hannu, bakinsa kuwa ba ya hutawa. Ranar da Sada ya kama giwan ruwa, shi ne ya rungume shi ta ƙugu da hannunsa mai lafiya don kada kifin ya ja shi cikin kogi da gurguwar ƙafa. Sun daɗe ana ba-ni-in-ba-ka, sanda ta lanƙwashe kamar baka, keke na kuka, Likita na tsaye yana cewa a hankali, a hankali. Da suka jawo shi gaɓa, tsawonsa ya kai ƙirjin Sada. A ranar duk ɗakin majinyata sun ci kifi.

Da yaƙi ya ƙare, aka mayar da Likita Ikko. Ya miƙa wa Sada kuben da duk abin da ke ciki, ya ce inda za shi aiki ba zai bar shi ya ga ruwa ba. Bubayero kuma ya ce shi ba zai koma gabas ba, Yawuri za shi, an tare Kwara a Kainji, ruwa ya malale ya zama teku, kifi kamar a roƙe ka ka ɗiba.

"Mu tafi tare," in ji shi. "Me za ka yi a ƙasar da jaki ke ƙetare kogi ƙafarsa ba ta jiƙe ba?"

"Bari in ga tsohuwa tukuna," in ji Sada. "Bayan Salla ina nan tafe."

Tani ta riga ta ji labarin Jafaru, an yi zaman makoki tun tuni. Duk da haka, da Sada ya yi sallama ya shigo, sai da ta leƙa bayansa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, ta dubi ƙafarsa, ta kawo mashi ruwa da fura. Ba ta tambaye shi yadda aka yi ba. Sai da ta ga kuben jingine a bango ta ce, "Wanga fa?"

"Fatsa ce, Inna. Ta kamun kifi."

Ta daɗe tana kallon abin, sannan ta koma bakin turminta.

Ya bari sai da aka yi Salla, wata safiya tana ɓarar gyaɗa, ya zauna kusa da ita ya kawo maganar Yawuri. Ya ce akwai abin yi a can, zai riƙa zuwa yana dawowa, in ya zauna da gindinsa ma ya zo ya ɗauke ta. Ta saurare shi har ya gama, hannunta bai daina aiki ba.

"Biyu na bayar," in ji ta, "ɗaya aka maido mani, shi ma da rabin ƙafa. Wancan ruwa ya ci shi, ko kabarin da zan sa a yi mashi addu'a babu. Yanzu kai ma ruwan za ka bi. To ji nan, Sada. In ka sake kwana a wajen garin nan ina numfashi, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Shi kuwa ya san wadda ta haife shi. Ita ce ta ce ya maido mata Jafaru, bai maido ba. Da wane baki zai yi jayayya?

Haka ya zauna. Ya koma gonar ubansa, duk da ƙafar ba ta barinsa ya yi noma kamar sauran maza. Aka nema mashi aure a Tafashiya, wata yarinya mai natsuwa, Adama, suka fara tara iyali. Da damina, in ruwa ya cika tafkunan bayan gari, sai a gan shi bayan la'asar ya saɓa kube yana ɗingishi. Tafkin da ya fi girma, in ya watsa da ƙarfinsa, ƙugiya sai ta faɗa a gonar da ke ɗaya gefen. Dole ya koyi rage hannu, ya riƙa jefawa kamar mai miƙa wa yaro abu.

Mutanen gari sun san su, wato kamun kifi na gayya. In tafki ya ja baya da rani, akan sa rana a faɗa mashi gaba ɗaya da koma da ƙwarya da kwando, a kwashe abin da ke ciki kafin azahar. Abin da ba su sani ba shi ne magidanci ya zauna yini guda a bakin ruwa don tarwaɗa biyu, ba don sayarwa ba, har ma ya kama ƙarami ya mayar. A majalisar bakin kasuwa aka yanke hukunci cewa yaƙi ya taɓa ɗan Tani. Wasu na ce mashi Sarkin Ruwan Kududdufi. Yakan yi murmushi ya wuce. Adama ce kaɗai ba ta taɓa yi mashi dariya ba. Ta lura duk ranar da ya je ruwa yakan yi barci ba firgita, don haka in tana shara ta ga tana, sai ta tara mashi a gwangwani da danshin ƙasa, don ya sa wa ƙugiya.

Kayan fatsa kuwa ba sa dawwama. Zaren Likita ya yi ta tsinkewa a saiwoyi yana gajarcewa. Sada ya zagaye kasuwar Kankiya, ya hau mota har Katsina ya bi 'yan koli rumfa-rumfa, yana duban rana don ya samu motar komawa kafin dare. Wani ya miƙo mashi zaren ɗinkin takalmi, wani ya ce sai dai Kano, ko Kanon ma sai an dace. Daga ƙarshe wurin mai facin taya ya samu mafita: ya riƙa zaro zaren cikin tsohuwar tayar babbar mota, ya ƙulla, ya goge shi da kakin zuma. Yana da kauri, kifi na ganinsa, amma ba ya tsinkewa. Ƙugiyoyi da suka ƙare, Nagoggo maƙeri ya ƙera mashi wasu da wayar ƙafar keke. Na farko duk miƙewa suka yi a bakin tarwaɗa, sai da suka yi ta gwaji kafin maƙerin ya gano yadda zai tsoma su a mai suna ja. Dalma daga mataccen batirin mota, abin yawo a sama daga ɓargon karan dawa, keke kuma yana shan man keken ɗinki. Sandar ce kawai ta rage yadda Likita ya ba shi ita.

Sai ga shekarun fari. Damina biyu a jere ruwa ya yi rowa, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, tafkuna ba su ko rufe gindinsu ba. Fulani suka yi ta wucewa kudu da abin da ya rage na shanu. Kube ya shekara rataye a bango. Firgitar barci ta dawo wa Sada, har Adama ta riƙa kwashe yara zuwa ɗakin kakarsu.

Ana cikin haka wani direban babbar mota mai kawo bandar kifi kasuwar Kankiya ya yi ta cigiyar Sada tsohon soja har aka haɗa su. Ya ce Bubayero ne ya aiko shi daga Yawuri, yana gaishe shi, ya ce a gaya mashi Sallar da ya ce ta wuce da daɗewa. Yana da jirage yanzu, yana da ɗaki da zai ba shi, ya kwaso iyalinsa da tsohuwa su zo, can ba a san yunwa ba. Motar za ta juya washegari.

Sada ya iske uwarsa tana tankaɗen dussa, abin da a da awaki ake ba.

"Inna, kin ga halin da ake ciki. Ba ni kaɗai zan tahi ba, duk mu za mu tahi, har ke."

"Ni ba inda za ni. Nan aka binne ubanku."

"To ki bar ni in je in nemo mana abinci, in dawo."

"Haka Jafaru ya ce, zai dawo." Ta buga rariya a gefen ƙwarya. "Wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abin sawa. Maganata tana nan inda na aje ta."

Washegari ya je tasha da kansa ya ce wa direban ya gai da Bubayero, ya ce mashi sai Allah ya yi. Ya tsaya har motar ta ɓace a kwanar hanya, warin banda na nan a hancinsa, sannan ya juyo gida.

Fari ya wuce, kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Aka fara ganin sababbin babura da rediyo mai kaset, 'yan kwangila na yawo da zungura-zunguran motoci. Wata rana manyan motocin tono suka sauka a wata ƙorama da ke tsakanin Kusada da Kankiya, aka ce hukuma za ta tare ruwa don shayar da dabbobi da noman rani. Sada ya riƙa zuwa kullum yana kallon bangon ƙasa na tashi. Damina na sauka ruwa ya taru, ya haye gonaki, ya shanye itatuwa har wuya, ya yi faɗin da in mutum ya tsaya a wancan gefe ba ka gane ko wane ne. Rani ya zo bai ƙafe ba. Aka kawo 'ya'yan kifi cikin tankuna aka zuba. Sada ya sauko da kube ya wanke keke ya sa mashi mai. Ya ce wa Adama, tun da an hana shi zuwa wurin ruwa, ga shi Allah ya kawo mashi ruwan har gida.

Jami'in da ke kula da madatsar, Malam Ma'aruf, mutum ne mai kirki, ɗan gidan malamai, ya yi makarantar aikin gona. Da ake neman mai gadi, dagaci ya kawo sunan Sada: tsohon soja ne, ba ya ɗauke-ɗauke, ga shi dama bakin ruwa ne wurin zamansa. Aka ba shi kaki da kulki da 'yar rumfar kwano a kan bangon madatsa. Adama ta yi murna, Tani ma ta sa albarka, don aiki ne na yini, a gida zai riƙa kwana.

Ranar da ya kama aiki Malam Ma'aruf ya zagaya da shi yana faɗa mashi dokoki. Kada a bar shanu su hau bango. Kada yara su yi wanka wajen zurfi. Kifin ciki kuma na hukuma ne, an ba wani ɗan kwangila, shi zai riƙa kawo masunta sau ɗaya a shekara. Ban da su, ba koma, ba ƙwarya, ba ƙugiya.

"Ranka ya daɗe," in ji Sada, "ni fa tawa ba ta ci ba ce. In na kama ma sai in mayar."

Malam Ma'aruf ya san labarinsa kamar kowa. "Malam Sada, na yarda da kai. Amma in aka ga mai gadi da fatsa yau, gobe duk ƙasar nan za ta zo da tata, kuma ba ka da bakin hana kowa. Ni ma daga sama aka ba ni. Ka yi haƙuri."

Sada ya so ya ajiye kakin a ranar. Amma ga yara, ga tsohuwa, ga ƙafar da ba ta noma, ga dagaci da ya tsaya mashi. Kuma ko ya ajiye, dokar tana nan, wani ne kawai zai zo ya kore shi daga bakin ruwan.

Shekaru ya yi a wannan rumfa. Da safe yana ganin karfasa na wasa a gefen ciyawa. Bayan la'asar, daidai lokacin da hannunsa ke ƙaiƙayi, manyan tarwaɗa kan juyo sama su bugi ruwa da wutsiya. Ya san inda suke kwanciya, ƙarƙashin wata itaciyar ƙirya da ruwa ya shanye, ya san irin ƙugiyar da za ta dace da dalmar da zai sa. Yakan auna nisan da ido, ya ji yadda zai ja sandar baya. Sai ya tashi ya je ya kori shanu. In ya kama wani da ƙugiya ba ya kai shi gaba, yakan karɓe ne kawai ya ce kada a kuma, amma mutumin na tafiya sai ya tsaya yana duban ƙullin, yana cewa a ransa ba haka ake ɗaure ta ba. Tsofaffin tafkunansa kuwa, tun da aka tare ƙoramar, ba su ƙara cika yadda suke yi ba, kuma ma lokacin da zai je can yana bakin aiki.

Ranar da masuntan ɗan kwangila ke zuwa ita ce ta fi mashi nauyi. Sukan ja taru, wata doguwar koma mai ƙananan idanu, daga gefe zuwa gefe, su kwashe babba da yaro, su zube a kan bango. Waɗanda ba su kai sayarwa ba a bar wa shirwa. Aikinsa a ranar shi ne ya tsaya da kulki ya hana mutanen gari matsowa.

Tani ta tsufa. Idonta ya tafi, daga baya ƙafafu suka bi. Ba ta yarda kowa ya ɗaga ta ko ya juya ta sai Sada, ta ce hannun Adama na da gaggawa. Kafin ya tafi aiki shi ke fito da ita inuwa, in ya dawo shi ke mayar da ita. Wata Juma'a da hantsi yana zaune kusa da tabarmarta, ya kwance keken fatsa yana goge shi kamar yadda ya saba duk da ba ya zuwa ko'ina da shi. Ya murza hannun, keken ya yi 'yar ƙararsa.

"Har yanzu abin nan na nan?" in ji ta.

"Yana nan, Inna."

"Ka gaji da jirana ko?"

Hannunsa ya tsaya. "Subhanallahi. Wace irin magana ce wannan?"

"Ba faɗa nake ba. Na san abin da na yi maka." Ta lalubo gwiwarsa, mai tabon, ta dafa. "Tsoro ne, Sada. Duk ranar da ka fita da abin nan sai in ga kamar ba ka dawowa. Na ɗaure ka, kuma ka ɗauru, ba ka taɓa ɗaga mani murya ba. Na janye maganata. Ka tahi inda kake so, na yafe maka duniya da lahira."

Ya dube ta. Ta zama kamar tsumma a kan tabarma, ko ƙuda ba ta iya korewa. Maganar da ya yi shekara da shekaru yana jira ce, ta zo a lokacin da ko Kankiya ba ya iya zuwa ya daɗe.

"Na gode, Inna," in ji shi. "Rana ta kusa iso ki, bari in matsar da ke."

Ta ƙara damina biyu a duniya. Ta rasu da rani, a hannunsa, aka kai ta kusa da mijinta.

Bayan sadakar arba'in Adama ce da kanta ta sauko da kuben ta kakkaɓe ta miƙa mashi. Ta ce ya je ya gano ruwan nan, ko hankalinsa ya kwanta, ita za ta ji da gida. Ya nemi izini wurin aiki, ya hau mota.

A Yawuri bai sha wahalar samun Bubayero ba, kowa ya san Alhaji. Ya same shi a wata babbar rumfa cikin kasuwa, ya yi ƙiba, yana zaune tsakanin kwandunan banda, masu awo da direbobi na kai da kawo. Ya rungume Sada har da hawaye, ya sa aka yanka kaji. Da ya ga kuben sai ya yi dariya har yana riƙe ciki.

"Sandar Likita. Wallahi na manta da ita. Ni rabon da in taka jirgi tun kafin in je Makka, yara ke shiga, ni ina nan ana kawo mani."

Ya haɗa shi da wani mai jirgi ya fita da shi. Da suka bar gaɓa, ruwa ya buɗe har ya haɗe da sama. Sada ya ɗaga hannu ya yi wa Jafaru addu'a, ya yi wa Tani. Sannan ya haɗa sanda, ya ja baya ya watsa. Ƙugiya ta faɗa nan kusa da jirgi. Hannun ya saba da kududdufi, ya manta nisa. Sai da ya yi ta maimaitawa kafin kafaɗar ta saki, zare ya tafi har ya ƙare a keke, don tsawonsa ke nan. Ya kama karfasa masu kyau, ya kama ragon ruwa. Wajen la'asar wani abu mai nauyi ya ɗauka, ya ja, Sada ya sassauta mashi kamar yadda aka koya mashi, amma babu sauran zaren da zai ba shi. Ƙugiyar Nagoggo ta riƙe, ƙullin zaren taya ne ya kwance. Ya zauna a cikin jirgin yana haki, mai jirgi na ta ba shi haƙuri. Shi kuwa dariya ya samu kansa yana yi.

Bubayero ya so ya riƙe shi. Ya ce ƙafarsa ba ta aikin jirgi ba ce, amma yana neman amintacce da zai tsare mashi ɗakin ajiyar banda a cikin kasuwa, ga gida, ya kwaso iyali. Sada ya leƙa ɗakin: ba taga, kwanduna har rufi, ko ƙarar ruwa ba a ji daga nan. Ya tuna 'yarsa Sakina da aka sa wa rana bayan kaka, da gonar ubansa, da kaburbura biyu a bayan gari. Ya yi godiya, ya ce gadi kam yana da irinsa a gida.

Ya dawo da ƙunshin banda da Alhaji ya haɗa mashi, da sabon zaren roba da ya saya a bakin kogi. Adama ta tare shi a zaure ta karɓi kaya.

"Yaya ruwan?" in ji ta.

"Yana nan," in ji shi. "Da yawa."

Bai sake komawa Yawuri ba. Ya sake sa kakinsa ya ci gaba da gadi har ƙarfinsa ya ƙare. Daga baya kuɗin hukuma suka ja baya, ɗan kwangila ya daina zuwa, aka yi wa Malam Ma'aruf canjin wurin aiki, ba wanda ya sake tuna dokar kifi. Amma kafin nan yashi ya cike rabin madatsar, taru kuma ya riga ya share manyan. Waɗanda suka san shi a ƙarshen rayuwarsa sun ce sukan gan shi bayan la'asar a kan bangon, gurguwar ƙafar a miƙe, yana kama 'yan karfasa. In mai wucewa ya tambaye shi ko an samu, yakan ce ana dai taɓawa.